Kafin a Taɓa Fuskarki, Tambayi Me Ke Cikin Kwalbar

  Yau a shirinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya, shagunan gyaran jiki za mu leƙa, musamman ɓangaren gyaran fuska, sana'ar da ta bunƙasa a Kano da Kaduna da Maiduguri da Abuja, har Maraɗi da Damagaram. A da in an ce gyaran jiki amarya ake nufi, kayan aikin kuma sanannu ne: dilka da halawa da kurkur da lalle da turaren tsugunno. Yanzu matan aure da 'yan mata na zuwa ko babu biki, angwaye ma ba a bar su a baya ba, har shagunan aski sun fara wanke wa samari fuska. Kayan aikin ma sun sauya. Akwai dutsen goga fuska da ake kira gua sha, akwai abin murza fuska mai garawa, akwai na'urar sirace, akwai mai tsotse datti, akwai mai ƙananan allurai. Maganar da shirin yau zai tsaya a kai guda ɗaya ce. Mun fi kallon kayan aikin da ke ƙyalli a kan tebur, alhali abin da ke gyara fuska ko ya lalata ta shi ne man da aka shafa mata da tsaftar abin da ya taɓa ta. Wadda ba za ta iya faɗin abin da ke cikin kwalbarta ba, ko na'urorinta sun cika ɗaki, bai kamata a miƙa mata fuska ba.

Mu fara da fatar kanta. Saman fata wani siririn rufi ne da bai kai kaurin takarda ba, na matattun ƙwayoyi da maiƙo ya liƙe su, kamar tubala da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a jikin katanga. Aikinsa biyu ne: hana ruwan jiki fita, da hana ƙwayoyin cuta shiga. Yana sabunta kansa cikin kimanin mako huɗu. A ƙarƙashinsa ne ƙwayoyin da ke samar da melanin suke, sinadarin da ya ba mu launinmu kuma yake rage mana illar rana. Baƙar fata tana da wata ɗabi'a da duk mai gyaran fuska ya kamata ta sani kafin ta sayi kujerar shago: duk inda aka ji mata rauni, ko da ƙuna ne ko karce ko matsar ƙurji, takan mayar da martani da ƙarin melanin a wurin. Dalilin ke nan ƙurji ke warkewa cikin mako guda amma baƙin tabonsa ya yi watanni. Haka kuma tabo mai tudu da ke ci gaba da girma bayan rauni ya warke ya fi yawa a baƙar fata. Don haka aikin da zai bar ɗan jan da zai wuce a fuskar Baturiya yana iya barin tabon shekara a fuskar Bahaushiya, alhali yawancin bidiyon da ake koyon aikin da su a waya ba a kan irin fatarmu aka yi su ba.

To, me kayan tausar fuska ke yi? Gua sha daga ƙasar Sin ya fito, kuma asalinsa kankarar baya da wuya da kafaɗu ake yi da ƙarfi har jini ya taru a ƙarƙashin fata. Na fuska sabon salo ne da aka sassauta. Binciken da aka yi a kan waɗannan kayan kaɗan ne, kuma a kan mutane kaɗan. Wani da aka wallafa a Japan a 2018 ya nuna cewa murza kunci na minti 5 da abin murzawa yana ƙara gudun jini a fatar wurin na aƙalla minti 10. Tausa mai laushi kuma tana kora ruwan da ya taru a fuska, irin kumburin da ake tashi da shi da safe, dabarar da wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Emil Vodder ya tsara tun shekarun 1930. Wannan amfani ne na gaskiya, ga kuma daɗi da sakewar jiki, waɗanda ba abin rainawa ba ne. Amma iyakarsa ke nan, kuma na ɗan lokaci ne. Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa dutse yana narkar da kitsen kumatu, ko ya sauya siffar haɓa, ko ya goge tabo, ko ya haskaka fata. Babu kuma wani sirri a jikin dutsen kansa, kore ne ko ruwan hoda: sanyinsa da santsinsa ne ke aiki, kuma yatsu masu tsafta za su yi kusan abin da yake yi. Ƙa'idodinsa kaɗan ne. A shafa ɗan mai kafin a goga don kada a ja fata, kada a danna har wuri ya yi ja ko ciwo, kada a bi ta kan ƙuraje masu ruwa, sannan a wanke shi a kashe ƙwayoyin cuta tsakanin fuska da fuska. Dutsen da ya tsage a jefar da shi, domin tsagar maɓoyar datti ce.

Abin da ake shafawa kuwa lamarinsa dabam ne, domin shi yana zama a kan fata sa'o'i, wani ma ya ratsa ta ya shiga jini. Akwai sinadaran da aka daɗe ana gwada su kuma aka tabbatar da amfaninsu. Asid ɗin salisilik yana narkewa cikin maiƙo, don haka yakan shiga kofofin fata ya buɗe waɗanda suka toshe, shi ya sa ake amfani da shi ga masu ƙuraje. Asid ɗin gilaikolik da na laktik suna kwance matattun ƙwayoyin saman fata. Nayasinamaid, wanda nau'in bitamin B3 ne, yana rage ja da tabo a hankali. Tiretinoyin, dangin bitamin A, tun 1971 aka amince da shi a Amurka a matsayin maganin ƙuraje, amma magani ne na likita, kuma ba a ba mai juna biyu. Giliserin da basilin da man kaɗanyarmu suna riƙe danshi, musamman a hunturu. Sai man kare fata daga rana mai lamba 30 ko sama, wanda in babu shi duk wani maganin tabo aikin banza ne, domin rana za ta mayar da abin da aka cire. A gefe guda akwai sinadaran da sunansu ya fi aikinsu. Masana fata sun lura cewa abin da nauyin ƙwayarsa ya wuce ma'aunin dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Ƙwayar kolajin ta kai wajen dalton 300,000. Ke nan man da aka rubuta wa kolajin yana iya tausasa saman fata, amma ba zai shiga ya cike tamoji ba, komai tsadarsa.

Ko sinadari mai kyau, adadinsa ne ke raba magani da ƙuna. A Amurka, kwamitin masana da ke duba sinadaran kayan kwalliya ya fitar da ma'auni a 1997 cewa kayan da ake sayar wa jama'a kada irin asid ɗin gilaikolik ya wuce kashi 10 cikin 100 a cikinsu, na shago kuma kada ya wuce kashi 30, shi ma a hannun wadda aka horar, na ɗan gajeren lokaci, a wanke nan take. Abin da ya fi haka ƙarfi aikin asibiti ne. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama'a kan ruwan saɓule fata mai ƙarfi da ake saye ta intanet, saboda ƙunar da yake jawowa. Irin waɗannan kwalabe suna shigowa kasuwanninmu, wasu ma a juye su cikin roba marar rubutu. Mai shagon da ba ta san kashi nawa ne a ruwan da take shafawa ba, ba ta san minti nawa zai yi ba, ba ta kuma san lokacin da ya fara cin nama ba.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan gyaran fuska a shaguna. Mun iso kan babbar matsalar, wato man haɗi, wanda ake kwaɓawa a bayan shago a miƙa wa mace ta tafi da shi gida. Abubuwa uku ne aka fi samu a cikin mayukan da ke haskaka fata da sauri. Na farko haidirokwinon, mai dakatar da samar da melanin. Likitoci na amfani da shi na 'yan watanni a kan tabo, amma in aka daɗe ana shafa shi yakan juya ya haifar da baƙi mai shuɗi-shuɗi a kunci da goshi wanda da wuya ya goge, cutar da likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975. Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya tun 2001, Ghana ma ta hana a 2016. Na biyu magungunan sitiroid masu ƙarfi irin su kilobetasol, 'yan bututun nan da ake matsewa cikin mai. Suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, su kawo ƙuraje da nankarwa da gashi a fuska, su buɗe ƙofa ga makero da kyasbi, in kuma sun shiga jini da yawa su taimaka wa hawan jini da ciwon suga. Fatar da suka cinye ba ta saurin haɗewa in an yi tiyata. Na uku makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke isa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa, har ya gurɓata tawul da zanin gado ya taɓa mutanen gida. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan makuri, ta 2013, ta ƙayyade shi a kayan kwalliya, taron ƙasashen da suka sa hannu na 2023 kuma ya amince a haramta shi gaba ɗaya daga 2025. A Najeriya, hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Duk waɗannan abubuwa uku ba a gane su da ido ko da ƙamshi. Cikin farin mai suke ɓuya, kuma sau da yawa takarda mai sunan "na halitta" aka liƙa wa robar.

Sai allura. Na'urar ƙananan allurai tana huda fata ɗaruruwan wurare don ta gina sabon nama, kuma a hannun likita tana taimaka wa ramukan da ƙuraje suka bari. Amma duk abin da ya fitar da jini ya tashi daga kwalliya ya koma aikin asibiti. A 2024 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mata aƙalla uku da suka kamu da cutar ƙanjamau bayan an yi musu gyaran fuska na allura da jini a wani shago marar lasisi a jihar New Mexico, inda aka tarar da allurai a buɗe da kwalaben jini marasa suna. A ƙasar da ake sa ido ke nan. A nan gida kuwa, binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin kowane baligi 100 a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ƙwayar cutar kuma tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe. Goge kan allura da auduga ba ya wadatarwa. Kan allura na mutum ɗaya ne, sau ɗaya, a buɗe shi daga leda a gabansa. Ɗan ƙarfen matse ƙuraje ma yana taɓa jini, don haka shi ma sai an wanke an dafa shi yadda ake yi wa kayan asibiti.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Ta farko ita ce, ai mun gani da idonmu, mace ta shiga shago ta fito tana sheƙi, cikin mako biyu ta yi fes. Gaskiya ne ana gani. Sheƙin ranar farko daga sirace da mai da tausa yake, kuma yakan tafi cikin kwana ɗaya ko biyu, ba shi da illa. Hasken mako biyu kuwa shi ne abin tsoro. Tunda fata kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta, sinadarai masu aminci kan buƙaci wata biyu zuwa uku kafin tabo ya fara dusashewa. Abin da ya sauya launin fuska gaba ɗaya cikin kwanaki, mafi yawan lokuta sitiroid ne ko makuri ko haidirokwinon mai yawa. Sitiroid kuma yana da tarko: ranar da aka daina shi fuska ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ƙuraje su feso, sai mace ta ɗauka rashin man ne ya jawo, ta koma ta saya. Hoton da ake nunawa na mako biyu ne, ba a nuna na shekara biyu. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Hujja ta biyu: mu kayan gargajiya muke amfani da su, abin da kakanninmu suka yi. Kayan gargajiya da yawa suna da kyau, man kaɗanya ma kamfanonin Turai daga yankinmu suke sayensa su zuba a mayukansu masu tsada. Amma fitowa daga ƙasa ko daga bishiya ba shaidar aminci ba ce. Kwallin dutse na gargajiya ne, kuma an sha gwada shi a same shi cike da dalma. Ruwan lemun tsami yana da tsamin da ke ƙona fuska, in kuma aka shiga rana da shi yakan bar baƙin tabo. Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, amma yana da kaifin toka, fata kuwa ɗan tsami-tsami take so, shi ya sa yake busar da fuskar wasu har ta yi ɓawo. Dilka in an dirje ta da ƙarfi a fuska mai ƙuraje, tabo za ta ƙara. Babbar damuwar ma ita ce dilkar yau ba lallai ta zama irin ta jiya ba, domin akwai masu zuba mata sinadarin haskakawa don amarya ta fito da wuri, su kuma ci gaba da kiranta ta gargajiya.

Hujja ta uku daga masu shago take fitowa: haɗina sirrin sana'ata ne, in na faɗa wata za ta kwaikwaya. Manyan kamfanonin duniya, masu sirrin da ya fi na kowa tsada, doka ta tilasta musu rubuta sunan sinadaran da ke cikin kayansu a jikin kwalba, kuma ba su karye ba. Abin da suke ɓoyewa shi ne awo da yadda ake haɗawa. Mai shago ma tana iya riƙe awonta, amma sunan abin da zai shiga jikin mutum haƙƙin mai jikin ne. Mai ciki tana buƙatar sani. Wadda wani sinadari ke tayar mata da borin jini tana buƙatar sani. Likitan da za a kai wa fuskar in ta lalace shi ma yana buƙatar sani, domin maganin ƙunar asid dabam, na illar sitiroid dabam. Sayar wa mutum abu tare da ɓoye aibinsa kuwa, addini da al'ada duk sun kira shi algus.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi: likitocin fata kaɗan ne, suna manyan asibitoci, ganinsu sai da layi da kuɗi, sannan wannan sana'a tana ciyar da mata da yawa da iyalansu. Duk wannan haka yake, kuma shirin nan ba kira yake a rufe shaguna ba. Ƙarancin likitoci ma shi ne ya ƙara wa mai shago nauyi, domin ita ce ta farko da ke ganin fuskar, wani lokaci ita ce kaɗai. Akwai aiki mai yawa da ke hannunta: wanke fuska, sirace na 'yan mintoci, tausa, saɓule fata mai sauƙi da kayan da ke da rajista, sanya danshi, da koya wa mace kare fuskarta daga rana. Akwai kuma wanda ba nata ba: ƙuraje manya masu zafi da mugunya, baƙin da ke yaɗuwa a kunci, tabo mai tudu, gyambon da ya ƙi warkewa, tawadar Allah da ta fara girma ko sauya launi, da duk wani aikin allura. Waɗannan na asibiti ne, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna duba masu cutar fata. Mai shagon da ta ce wa mace, "Hajiya, wannan ya fi ƙarfina, ki ga likita," ta yi asarar cinikin rana ɗaya, amma ta sami amanar da za ta kawo mata dangi da ƙawaye. Wadda ta ƙona fuskar amarya saura kwana uku biki, unguwa gaba ɗaya za ta ji.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki kwanta a kan gadon shago, ki yi tambaya huɗu. Mene ne sunan abin da za a shafa mini, kuma ina kwalbarsa ta asali mai lambar rajista da ranar lalacewa? Za a fara gwada shi a bayan kunnena ko a damtsena a jira kwana biyu? Yaya aka tsabtace kayan nan bayan wadda ta riga ni? Akwai abin da zai huda fatata? Ki faɗa mata in kina da ciki ko kina shayarwa, da duk man da kike shafawa a gida, ko da na bilicin ne, domin fatar da ta riga ta sirance ba ta jure asid. In biki ne, kada a gwada sabon abu a makon ƙarshe. In kuma kin daɗe a kan man haɗi, ki nemi likita ya janye ki daga shi a hankali. Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu shago, kuɗin da za ku sa a sabuwar na'ura, ku fara sa shi a neman horo da safar hannu da tukunyar dafa kayan aiki, ku kuma rubuta abin da kuka shafa wa kowace mace da ranar da kuka shafa. Hukumomi su ma da sauran aiki a gabansu, na bin shaguna da kasuwanni da gwada mayukan da ake kwaɓawa.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.